Sufeton Gafiya

Tun da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri, mutanen gidanmu ba su ƙara sakewa ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsaye yana duba yadi. Aikinsa ke nan, ya gano inda zare ya tsinke ko inda rini ya zarce kafin a naɗe bandir a kai kasuwa. Da aka sallame su sai ya dawo mana gida a unguwarmu ta Makera da idon nan nasa, ga ido ba yadin dubawa, sai ya juyo da shi kanmu. Ya san wanda ya taɓa masa rediyo, ya san wadda ta ɗebi sukari ta girgiza gwangwanin don ya koma daidai. Ni ce autarsa, ni ce kuma na fi shan wahalar idon, domin Allah ya yi ni da baki, ba a faɗa mini ɗaya ban rama da biyu ba.

Yayana direban tanka ne, a Rido yake lodin mai ya nausa duk inda aka tura shi. Shi ya ga zaman ya yi wa Baba yawa, ya sa aka kafa mana satalayit a kan rufi. Da ya san abin da zai biyo baya, da tumaki ya saya masa ya yi kiwo. A cikin tashoshin akwai wadda ba ta da aiki sai nuna yadda masu bincike na ƙasashen waje suke kama mai laifi. Za a tsinci gawa, a kewaye wurin da igiya, wasu masu fararen riguna su zo da safar hannu suna tsintar gashi da hantsaki. Daga silin gashi ɗaya, ko shatin yatsa a jikin kofi, sai ka ga an je har wani gari an ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa. Baba ya kalli na farko baki a sake. Kafin wata ya mutu ya fi sanin lokacin shirin a kan lokacin cin abincinsa.

Ba shi kaɗai abin ya kama ba. A bayan katangarmu akwai garejin Oga, wani makanike Ibo, abokin Baba tun suna samari. Da la'asar ta yi zai wanke hannu da fetur ya shigo falonmu, in an ɗauke wuta har da ɗan galan ɗinsa na man janareta. Ni ce tafinta, don Turawan shirin ta hanci suke magana.

"Mijin ne," haka Oga zai ce tun ba a je ko'ina ba. "Malam, kullum mijin ne, ka rubuta ka ajiye."

"Gaggawarka ta yi yawa, shi ya sa motocin mutane suke dawo maka," in ji Baba. "Ka bari a auna jinin tukuna."

Masu hayarmu ma sukan leƙo, tela da matarsa, da wani gwauro mai tuƙa babur mai ƙafa uku. Har ta kai in an ci nama a gidan, sai ka ji ana cewa a bar ƙashin, Baba zai faɗi shekarun akuyar. Mama ce kaɗai abin bai burge ba. Ta ce mu tun kakanni muke ɓoye gashin da muka taje don kada ya faɗa hannun maƙiyi, su sai yanzu suka gano gashi yana tona asiri, har suna sa farar riga a kai.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa zama kallon ba, matar yayana. Daga wani gari can wajen Katsina aka kawo ta, kuma ko da ta haura shekara a gidan, Amarya muke ce mata. A ɗakinta aku ce, ni da ita mukan yi tsiya har cikinmu ya ƙulle, ina ce mata matarmu tana ce mini uwar miji ƙarama. Amma da ta ji tarin Baba sai ta zama kurma. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, kai a ƙasa, muryar kamar ta sauro. Shi ma haka yake da ita. Yana amsawa ne fuskarsa na kallon wani wuri, in suka yi kiciɓis a zaure sai ya juya wa bango har ta wuce. Wannan ita ce surukuta yadda aka rene su su biyun, kowa yana jin nauyin kowa. Akwai ranar da ya shigo ba zato ya same ta tana shan rake. Ta jefa raken cikin duron ruwa, ta shige ɗaki, ba a ƙara ganin ƙeyarta ba sai washegari.

A farkon wata damina Mama ta tafi Funtua zaman jegon yayarmu, ta ce sai an yi arba'in. Yaya kuma ya yi doguwar tafiya da tankarsa. Gida ya rage daga Baba sai ni sai Amarya da masu haya, wato babu mai taka wa Baba burki.

Katangar gidanmu ta bulo ce, ban da wani ɗan yanki a bayan sito, kusa da bishiyar gwaiba. Wannan tsohon gini ne na jar ƙasa tun na kakanmu, an shafe shi da siminti, simintin ya ɓaɓɓare. Ta bayansa kuwa ɗakin da Oga yake ajiye kayan gyaran mota ne. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na ji Baba yana ƙwala mini kira da wata murya da rabon da in ji ta tun yana zuwa masaƙa.

"Auta, zo da sauri, amma kada ki taka nan. Bi ta gefe."

Rami ne a jikin katangar, daidai ƙirjin mutum, faɗinsa bai wuce bakin kwanon sha ba. A ƙasa ga sawun silifas a cikin laka. Ni dai rami na gani. Baba kuwa ya ga aljanna.

"Ki duba da kyau. An kankare ne, ba faɗuwa ya yi ba. Ga shatin cokali. Kuma ina ƙasar da aka haƙa?"

Na duba, babu ko ɓurɓushi.

"Sun kwashe ta sun tafi da ita don kada a gane. Ƙwararru ne. Kuma ta ciki ake haƙar, za a ɓulla ɗakin kayan Oga. Auta, ɓarawon a gidan nan yake kwana."

Nan da nan ya kwance igiyar shanyarmu ya kewaye wurin, daga gwaiba zuwa tagar sito. Ya ɗaura ledar burodi a hannu biyu. Ya aike ni ɗakin Mama na ɗauko hoda da kwalli, ya samo gashin kaza yana ta barbaɗa wa katanga yana neman shatin yatsa, har katangar ta yi kamar za a kai ta gidan miji. Ya narka kyandir ya zuba a cikin sawun, abin da ya fito sai ka ce wainar da ta kama tanda. Da wannan bai yi ba sai ya karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon sawun, ya riƙe shi kamar sandar girma. Oga ya zagayo da gudu, ya tsaya a bayan igiya hannu a ƙugu yana cewa "na wa o" da Turancinsu na kasuwa, wato abin mamaki.

Ƙafata aka fara aunawa. Tsinken bai kai ko'ina ba, don ni Allah ya ba ni ƙafa irin ta Baba, takalmin maza nake saya. Oga ya ce in dai sawu ne, Auta ba za ta taɓa yin sata ta ɓuya ba. Na ce masa shi ma da baƙin man da ke hannunsa ko sallama ya yi wa ƙofa an gane shi. Baba ya ce ƙanƙantar sawun dabara ce, ya gani a shirin, ƙato yakan matsa ƙafarsa cikin ƙaramin takalmi don ya ɓatar da masu bincike.

Da azahar, Baba ya tafi masallaci, na zagaya bayan sito don in sace igiyar in shanya kayana. Sai ga Amarya a cikin da'irar, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya, cokali a hannu, bakinta ja wur da ƙasa. Tana ganina ta yar da cokalin.

"Matarmu, katangar gidanmu kike ci?"

Ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa, ta kife fuska a cinyata. Sai da na yi ta lallashi kafin ta ce ɓatan wata ta yi. Ko mijinta bai sani ba tukuna. Ta ce tun ranar da aka yi ruwan farko ƙamshin ƙasar nan ya hana ta sukuni, in ba ta ɗanɗana ba ji take kamar ranta zai fita. Na yi guɗa ƙasa-ƙasa, na yi dariya har da hawaye. Ita kuwa hawayenta na gaske ne.

"Auta, ki rufa mini asiri. Cikin fari ne. Ko Mama ba zan iya buɗe baki in gaya mata ba, balle Baba. In ya kama ni a gaban mutane, aka ce surukarsa ce ke cin katanga, kowa ya san dalili, wallahi ba zan ƙara kwana a gidan nan ba. Gida zan tafi, kuma ban ga idon da zan dawo da shi ba."

Da wata ce ta faɗa da na ce cika baki ne. Amma na tuna raken da ke cikin duro. Mahaifinta kuma mutum ne mai tsauri, in ta je masa ba da izinin miji ba, maganar ba za ta tsaya a katanga ba. Ta sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ko da ban rantse ba ma, ta ina budurwa za ta fara yi wa mahaifinta zancen ciki? Na buga wa Mama waya na ce mata dai Baba ya tayar da gida a kan rami, ta yi masa magana. Ta ce mu bar shi ya yi wasansa, ya fi ya zauna yana ƙirga mata ashana.

Na shiga mota har Sabon Tasha na sayo wa Amarya farar ƙasar nan da mata masu ciki ke ci. Mai sayarwar ta dubi fuskata, ta dubi cikina, ta dubi hannuna ba lallen aure, ta girgiza kai ta ce Allah ya shirya yaran zamani. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, wanda a wurina jihadi ne. Na kawo wa Amarya, ta ɗan gutsura ta ajiye. Wai ba ta da ƙamshin ta katanga. Saura kaɗan in kai ƙararta wurin Baba da kaina.

Shi kuwa Baba ya tsinci cokalin, murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya bi gida ɗaki-ɗaki yana tambayoyi. Ya tsare gwauro yana kallon ƙwayar idonsa, don a shirin an ce maƙaryaci ba ya iya haɗa ido. Gwauro ya ƙura masa ido har hawaye ya zubo masa. Ya tambayi tela me ya sa kekensa ya yi shiru da azahar, tela ya ce barci ya yi, Baba ya ce haka duk suke cewa. Ƙofa ɗaya ce bai nufa ba. Ba wai ya wanke Amarya ba ne, tunaninsa ne bai ma bi ta wajen ba. Mutumin da ya san adadin tsinken da ke cikin tsintsiya bai san girman ƙafar surukarsa ba, bai san irin zanen da take ɗaurawa ba, don bai taɓa kallonta ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ya canza. Ya koma aske gemu da sassafe, ya daina barcin hantsi, tafiyarsa ta dawo irin ta mai zuwa aiki. A majalisarsu ta ƙofar masallaci, inda da sai dai ya saurari masu shago da masu mota, yanzu shi ake saurare. Ina jin haushin shirmen, ina kuma jin daɗin ganin mahaifina a tsaye. Na rasa wanda zan goya wa baya.

Aka sake yin ruwa, ramin ya ƙara faɗi. Na yi wa Amarya tas, ta ce ba ita ba ce, ƙafarta ce ta kai ta. Baba ya daɗe a tsugune a wurin da ɗan gilashinsa na duba zare, wanda ya taho da shi daga masaƙa. Da ya miƙe sai na ga yana murmushi shi kaɗai. Ya ce in sanar da kowa, ranar Lahadi bayan la'asar, in Oga ya dawo daga coci ya huta, a hallara a gindin gwaiba. Zai fito da mai laifi a gaban kowa, kamar yadda ake yi a ƙarshen shirin.

Ranar Lahadi na shiga ɗakin Amarya na tarar ta cika jakar buhu da kaya ta tura bayan ƙofa, ta ɗora hijabinta a kai. Na ce ta kwantar da hankalinta, Baba gwauro yake zargi. Ta ce ita jikinta ya ba ta. Na ce to ta zauna a ɗaki kada ta fito. Ta ce Mama ba ta nan, ni kuma Baba ya ce ni zan riƙe masa farantin shaidu, wa zai kai wa baƙi ruwa? A ce an yi baƙi a gidan surukai ba ta fito ta gaishe su ba? Wannan ma wani abin kunyar ne.

Aka shimfiɗa tabarmi. Oga ya zo da kayan cocinsa, hula ja da sanda. Tela da gwauro suka zauna kamar masu jiran allura, matar tela tana leƙe ta labule. Har tsofaffin abokan Baba na masaƙa sun zo kallo. Baba ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a. Ni ina tsaye a gefensa da faranti, a kai ga cokali, ga tsinken tsintsiya, ga wainar kyandir.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, kuma gaskiya ya iya. Ya nuna yadda aka kankari katangar daga sama zuwa ƙasa, ya ce mai yin da hannun dama yake aiki, ba bahago ba ne. Ya ce ba ya zuwa sai bayan an yi ruwa, lokacin da ƙasa ta yi laushi. Ya ce ya san lokacin da maigida yake fita masallaci. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Ya auna ƙafar tela da ta gwauro, ya sake auna tawa don jama'a su yi dariya, suka kuwa yi.

"Amma akwai abin da ban nuna wa kowa ba," in ji shi. "Mai bincike ba ya baje kolinsa duka."

Ya ciro gidan tabaraunsa daga aljihu ya buɗe, ya sa hantsakin Mama ya ɗago wani ɗan zare, kore mai ratsin ruwan ƙwai.

"A bakin simintin da ya fashe na ciro shi. Ƙafa za ta iya ƙarya, takalmi zai iya ƙarya. Ni kuwa in ban san komai ba a duniya, na san zare. Yau za a fito mini da kayan kowane ɗaki, in ga yadin da ya rasa wannan."

Ban san da zaren ba, Amarya ma ba ta sani ba. Daidai lokacin ta fito da tire, jug na zoɓo da kofuna a kai. Ta tuɓe silifas a bakin tabarma, ta durƙusa, ta ajiye tiren, ta gaishe da baƙi kai a ƙasa. Bakin zanenta ya kwanta a kan tabarma, kusa da gwiwar Baba. Atamfa ce kore mai ratsin ruwan ƙwai, gefenta ya ɗan zare.

Kullum in ta matso, Baba kawar da kai yake yi. Ranar nan kansa yana sunkuye a kan hantsaki, zaren yana gaba, zanen yana bayan zaren, babu inda idon zai gudu. Atamfar kuwa ba baƙuwarsa ba ce. Shi ya zaɓe ta da kansa lokacin haɗa lefe, bayan ya wahalar da 'yan kasuwa yana mayar musu da turame yana cewa rininsu zai zuba. Ina kallonsa idonsa ya tashi daga zaren ya sauka kan zanen, ya wuce kan 'yan silifas ɗin da ke bakin tabarma, ya dawo kan tsinken da ke farantina. Sai ya yi sauri ya mayar da fuskarsa ga bishiyar gwaiba, kamar wanda ya taɓa wuta.

Amarya tana nan durƙushe. Ga Baba da amsar a tafin hannunsa, amsar da ya yi ta nema, a gaban duk mutanen da yake so su san har yanzu idonsa yana aiki. Kalma ɗaya ta rage masa.

"Malam, muna jin ka," in ji Oga. "Wane ne?"

Baba ya saki bakin hantsakin, zaren ya faɗa cikin ciyawa. Ya rufe gidan tabarau a hankali.

"Gafiya ce."

"Wace ce?"

"Gafiya. Zaren buhu ne ta jawo daga sito. Ita ke haƙar katangar."

"Haba Malam, abeg. Gafiya da cokali?"

"Ba ka san gafiya da satar cokali ba? Tambayi matan gida."

"To silifas ɗin fa? Ita ma a kasuwar Kakuri ta saya?"

"Tsohon sawu ne. Na yi kuskure a nan." Ya ɗan juya kai gefe, ba tare da ya dubi kowa ba. "Yarinyar nan, an gode da ruwa. Koma ciki abinki."

Amarya ta tashi, ta manta silifas ɗinta a wurin. Na sa ƙafa na tura su ƙarƙashin tabarma.

Dariyar da aka yi ranar har masu wucewa a layi sai da suka leƙo. Oga ya cire jar hularsa yana fifita da ita, yana cewa mako guda an hana mutane shanya saboda ɓera. Gwauro ya ce a biya shi hawayen da ya zubar. Ɗaya daga cikin abokan masaƙa ya dafa kafaɗar Baba ya ce tsufa ne, kowa zai je. Wannan ta fi yi mini ciwo, na ga ta shige shi, amma sai ya tsiyaya zoɓo ya miƙa wa mutumin. A nan Oga ya raɗa masa Sufeton Gafiya, kafin magariba sunan ya isa majalisa. Ni da na yi kwanaki ina yi wa binciken nan tsiya, ranar ji na yi kamar in kifa wa Oga farantin a ka. Ban taɓa jin son mahaifina irin na yammacin nan ba.

Da ya dawo daga sallar magariba ya kira ni zaure, ya miƙo mini ƙunshin takarda mai ɗumi. Gasasshiyar hanta ce.

"Ki kai wa matar yayanki. Gobe kuma ki raka ta asibiti a duba jininta. Damina ce, zazzaɓi ya yi yawa a gari."

"To Baba. Gafiyar fa, a sa mata tarko?"

Ya harare ni. "Ke dai bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba za ta iya dawo da ke ba. Wuce."

Na tarar da Amarya zaune a kan jakarta. Na ajiye mata hantar, na faɗa mata saƙon. Ta dubi ƙunshin, ta tambaye ni ko ya gane. Na ce gafiya dai aka kama. Ta yi kukanta ta ƙoshi, ta cinye hantar tas ko tayi ba ta yi mini ba, muka mayar da kayan cikin akwati. Da safe Baba ya kwaɓa siminti da hannunsa ya shafe tsohuwar katangar daga sama har ƙasa, ya mayar mana da igiyar shanya. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta magani, kwaɗayin ƙasar ya tafi a hankali. Amma kafin ya tafi sai da ta yi mini ƙorafin wai an shafe katangar ba a bar ko ɗan lungu ba.

Da Mama ta dawo, kallo ɗaya ta yi wa Amarya ta gane, ta kuma ji labarin gafiya a bakin matar tela. Ta zagaya bayan sito ta tsaya tana dariya ita kaɗai. Ta nuna mini wani wuri can ƙasa-ƙasa, inda sabon simintin ya ɗan lotsa. Ta ce wannan nata ne, da cikin Yaya. Lokacin ma Baba ne ya kama ta, kuma shi ya riƙa tsare mata hanya kada kakanmu ya gani.

Yarinyar da aka haifa yanzu tana firamare. Ta ƙwace mini aikin tafinta, ita ke zama kusa da Baba in an fara shirin, da kwanon gyaɗa a tsakaninsu. Gafiyata yake ce mata, kowa ya ɗauka wasan kaka da jika ne. Oga ya yi furfura, amma har gobe in zai shigo daga ƙofa yake ɗaga murya yana tambaya ko Sufeton Gafiya yana ciki, Baba ya ce yana ciki.

Kwanan baya na je gida na tarar da su suna kallo. Yarinyar ta juyo ta ce, "Kaka, wai da gaske gafiya ta taɓa gagarar ka kamawa?"

"Ta gagare ni," in ji Baba, idonsa na kan talabijin. "Sai daga baya ta fito don kanta, ta zo ta zauna mini a kujera tana cinye mini gyaɗa."

Yarinyar ta ce ita ba ta yarda ba, gafiya ba ta zama a kujera. Amarya tana bakin ƙofa da tiren abincin Baba, ta ji komai. Ta saki labule ta koma kicin. Da tiren ya sake fitowa, ni ta ba in shigar, na buɗe kwanon miya na ga an ƙara tsoka biyu a kai. Baba ya gani, ya yi bisimilla ya ci abinsa. Har yau shi da ita ba su taɓa haɗa ido ba.